Sanduna Huɗu a Filin Foppa

Runcalina, 16 ga Janairu, 1978

Zuwa ga 'yata Tresa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin naki na birni. Mu nan sai godiyar Allah. Ɗan'uwanki Duri yana zuwa injin yanka katako kullum, matarsa Onna tana fama da yara, su kuma yaran suna fama da kunnuwana. Gidan nan ya yi mana kaɗan, in na miƙe ƙafa sai na taka jika. Amma saura ƙiris. Da ƙanƙara ta narke za a haƙa harsashin gidansu a filina na Foppa. Tun kaka muka kafa sanduna huɗun da ke nuna wa jama'a inda gidan zai tsaya, kuma har yau babu maƙwabcin da ya ce uffan.

Ni haƙarƙarina ne ke ɗan damuna. Na gaya wa mutan gida saniya ce ta shure ni. Ke ma haka za ki ce in an tambaye ki.

Tun rasuwar babanki ban taɓa roƙonki komai ba. Ni da shi 'ya'yan wa da ƙane ne, amma kwano ɗaya muka ci, don haka ba na jin nauyinki. So nake ki nemo mini mai zane a nan Chur, wanda zai yi mini allon godiya irin waɗanda ke rataye a ƙaramin cocinmu. Na yi bakance ga Uwa Maryamu, kuma ba na son in mutu ban cika ba. Ba zan ba Toni masassaƙi ba, kin san bakinsa, kafin fenti ya bushe duk kwarin nan ya ji.

Ga abin da za a zana. A sama, Uwa Maryamu cikin gajimare. A tsakiya, tudu da kwazazzabo, ƙanƙara tana zaftarowa. A ƙasa, mutum ɗaya ya nutse har wuya, ga amalankensa na jan ingirici a kife. Kada a yi wa mutumin gemu, kada kuma a sa masa jar hula. A gefensa sanduna huɗu, biyu a tsaye, biyu a kwance. A rubuta: goma ga Janairu, 1978. Ban da suna. Sai bazara zan rataye shi, can baya inda babu haske.

Na san a ofishin gandun daji kike buga musu takardu a tafireta, to in kin fita cin abincin rana sai ki leƙa wurin masu zanen. Wannan magana daga ni sai ke.

Baffanki,
Placi

*

Chur, 19 ga Janairu, 1978

Baffa Placi,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗin jin kowa lafiya. Ni ma ƙalau nake, in ban da mura. Ka gaishe mini da Duri da Onna, ka ce wa 'yarsu Ladina safar da na yi mata alkawari tana hanya. Ita kuma saniyar, a yi mata sannu da aiki.

Baffa, ko ka taɓa tambayar takardun me nake bugawa? Shekara shida ke nan ina zaune a teburi ɗaya, aikina shi ne rahoton zaftarewar ƙanƙara. Duk inda ta zaftaro a lardin nan, ko ta kashe mutum, ko shinge kawai ta karya, takardar sai ta bi ta hannuna. A duk birnin Chur, ni kaɗai ce bai kamata ka aiko wa wannan zane ba, kuma ni ka zaɓa. Na karanta na rasa abin yi, dariya ko kuka.

Mutum marar gemu, marar jar hula. To wa ke da gemu da jar hula a Runcalina in ba kai ba? Kuma wa ke da rumbun ingirici a saman Foppa? Na duba littafin awo: daren takwas da na tara an zuba ƙanƙara ta kusa kai ƙugu, ga iska daga arewa. Kai ka koya mini, ina 'yar shekara bakwai, cewa in sabuwar ƙanƙara ta sauka da iska, mutum ya ba ta kwana uku ta zauna kafin ya taka tudu. Kai ka ba ta kwana ɗaya. Kai kaɗai ka tafi? Wa ya san inda kake? Da ka nutse gaba ɗaya, sai yaushe za a fara nemanka? Na kwana biyu ina wannan lissafi, abinci ma ba ya shiga.

Amma ba hular ce ta tayar mini da hankali ba, sandunan ne. Biyu a kwance, ka ce. Sanduna huɗu ɗaya na sani a ƙauyenku, na gidan Duri. Ka gaya mini gaskiya: ƙanƙarar ta kai wurin gidan?

Ka san malamin daji Caduff yana kammala taswirar garinku a damunar ƙanƙarar nan. Inda ta taɓa isa zai shafa ja, ba za a yi gini ba. Inda babu labari zai bar shi fari. Na ga daftarin, Foppa fari ne fes, saboda babu wanda ya taɓa kawo rahoto a kansa. Taswira ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata.

Ga fom na sa maka a ciki. Shafi ɗaya ne: rana, lokaci, inda ta ɓalle, faɗinta, inda ta tsaya, ko ta kama mutum. Ba a cin tarar kowa, ba a kai kowa kotu. Ka cika ka ba Caduff. Sannan don Allah ka je likita ya duba haƙarƙarin nan.

Maganar allo zan yi maka. Amma ka gaya wa Uwa Maryamu ka ƙi gaya wa malamin daji, alhali ba ita ke riƙe da jan fensirin ba.

'Yarka,
Tresa

*

Runcalina, 24 ga Janairu, 1978

Tresa,

Muna lafiya. Haƙarƙari ya yi sauƙi, ina shafa man kitse, likita ba zai yi abin da ya fi haka ba. Ga cuku ɗan kaɗan. Na rasa takardar naɗewa, sai na ga fom ɗinki daidai girmansa.

Na aike ki wurin mai zane kin dawo mini da ɗan sanda. Babanki ma haka yake, a tambaye shi ƙarfe nawa ya ba ka tarihin agogo. Tunda kin iya bincike, ga labarin, don kada ki ƙara gishiri.

Ingiricin ƙasa ne ya ƙare, shanu shida suna kallona. Saniya ba ta san kwana uku ba. Na hau da hantsi, na ɗaure kaya, ina saukowa ta bakin kwazazzabo sai na ji ƙasa ta yi wani nishi ƙarƙashin ƙafata. Na san wannan nishi. Kafin in saki igiya, tudun duka ya taho. Na yi ta iyo kamar yadda ake cewa a yi, na rufe baki da hannu, na kira sunan da na kira. Da ta tsaya, kaina da hannu ɗaya suna waje. Na fi awa ina tonon kaina da yatsu. Da na fito na duba, sai na gan ni a tsakiyar falon Duri, falon da ba a gina ba tukuna.

E, ta kai. Ta kwantar da sanduna biyu na wajen tudu, ta wuce su da 'yan taku. Na koma gida na ce saniya. Da yamma na ɗauki shebur na tono su na sake kafawa, da wannan haƙarƙarin. Kwana biyu aka ƙara ana zuba ƙanƙara, ta rufe komai. Foppa a bayan tudu yake, daga hanya kan sandunan kawai ake hangowa, kuma ga su nan tsaye su huɗu.

Yanzu ki saurare ni. Shekarata sittin da takwas. Ubana ya yanka ciyawa a Foppa, kakana ya yanka, babu wanda ya taɓa ganin ta kai can. Sau ɗaya ta yi, kuma ni na taso ta da ƙafata. Ba don na taka ba da tana nan a zaune. Abin da mutum ya jawo da wautarsa ba halin tudu ba ne. Don me za a hukunta fili saboda tsoho ya yi gaggawa?

Kin san gida nawa ke da hayaƙi a Runcalina yanzu? Goma sha ɗaya. Lokacin da aka haife ki talatin ne da huɗu. Makarantarmu yara tara gare ta, biyu nawa ne, in suka tafi za a rufe. Shekara takwas Duri ya yi a birnin Zurich, na yi ta lallashi kamar mai kiran kaza, sai da na ce ga Foppa sannan ya dawo. Ba ni da wani filin da ya yi kwance. Cikin gari babu mai sayarwa, 'yan birni masu zuwa hutu sun saye. In Caduff ya shafa ja, ɗana zai kwashe iyalinsa, ni kuma in zauna ina hira da shanu kamar yadda na yi shekara takwas bayan rasuwar matata Barla.

Zan sa a yi wa gidan katanga mai kauri ta wajen tudu, in ce don iska ne. Na yi tunanin komai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau kan tsauni ba zai hango ba.

Ke kin tafi tun kina sha bakwai, sai Kirsimeti muke ganinki, ki ci miyar sha'ir ki ce ƙauye da daɗi. Ki bar waɗanda suka zauna su san yadda za su zauna.

Placi

*

Chur, 27 ga Janairu, 1978

Baffa,

Cuku ya iso, na gode. Ya yi daɗi, har na ci tambaya ta huɗu da ta biyar da suka manne a ɓawon. Ga wani fom. Muna da su kwali guda, kai kuwa shanu shida kawai gare ka, za mu ga wanda zai fara ƙarewa, fom ko cuku.

Ka ce kai ka taso ta. Baffa, tudu ba ya tambayar wa ya taka shi. Yau ƙafarka ce, gobe barewa ce, jibi iska ce kawai ta ƙara mata nauyi. Abin da muke rubutawa ba wanda ya taso ta ba ne, inda ta iya kaiwa ne. Ta nuna maka ta san hanyar Foppa. Kakanka bai gani ba, to kakanka a bazara yake zuwa yankan ciyawa, ba kwana yake yi a can cikin Janairu ba. Wa ya sani ko sau nawa ta zo ta koma babu mai shaida? Kai ma da ba ka faɗa ciki ba, ai da ba ka sani ba.

Katangar iska kuma, kada ka ba ni haushi. Na buga rahoton gidan dutse da ta ɗauke wa rufi kamar murfin tukunya. Wane magini ne zai yi katangar tare ƙanƙara alhali an gaya masa iska zai tare?

Na san kaɗaici, kada ka ɗauka ban sani ba. Ina cin abinci ni kaɗai, ina kallon bango. Na kuma san abin da dawowar Duri ta yi maka, a Kirsimetin nan na ji ka kana waƙa a turke. Amma ka tuna wane ɗaki ne Onna ta nuna mini a takardar ginin, ta ce na yara ne? Na wajen tudu, don ya fi samun ranar safe. Tsakanin sandunan nan biyu da ka tono.

Ka ce na tafi. Na tafi, gaskiya ne, babu wanda ya ba ni fili. Wannan bai sa na manta sunan yaran ba.

Ran Juma'a goma ga Fabrairu Caduff zai rufe karɓar rahoto, ya kawo mini daftarin in buga. Ka sani tun yanzu, yatsuna ba za su buga Foppa a cikin farin yanki ba. Ba zan iya ba. Kana da mako biyu.

Tresa

*

Chur, 6 ga Fabrairu, 1978

Baffa Placi,

Ina fatan kuna lafiya, don ba ni da hanyar sani. Kwana goma babu amsa. Da farko na ce fushi ne, na ce bari ya huce. Sai na ga a ofis an rufe hanyar kwarinku tun ran Talata, wayar tarho ma ta yanke. Yanzu ban san ko shiru kake yi mini ba, ko motar wasiƙa ce ke tsaye a ƙasan kwari. Ingirici ya isa? Kada ka hau tudun nan. In shanun sun yi kuka ka ba su burodinka.

Na sake tuna abin da na rubuta maka, ban ji daɗin ƙarshensa ba. Cikin zafin rai na rubuta. Bari in faɗa a fili: ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Ka ba ni amana, ba zan kai ƙarar ɗan'uwan ubana ba. Abin da nake nufi shi ne ranar zan ce ba ni da lafiya, wata ta buga takardar. Na san wannan ragwanci ne, ina jin kunyarsa, amma iyakar ƙarfina ke nan. Maganar taka ce, kai za ka faɗa ko ka haɗiye. Ni dai zan yi ta damunka da wasiƙa har ranar da za a sa shebur a Foppa, wannan kam ba ka da maganinsa.

Na sami mai zane, wata tsohuwa a bayan babban coci. Ta karanta bayaninka ta ce, "Wannan mutumin naku godiya yake son yi ko ɓuya?" Na ce duka biyun. Ta ce an fi kawo mata irin haka.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Tresa

*

Runcalina, 13 ga Fabrairu, 1978

Tresa,

An buɗe hanya yau da safe. Muna raye, mutane da shanu. Maƙwabci ya ba ni ingirici, ban hau ko'ina ba, sai ki kwantar da hankalinki.

Wasiƙarki mai cewa ina da mako biyu ta shigo a motar ƙarshe kafin a rufe hanya. Mai cewa ba za ki faɗa ba, yau ta iso, ta yi mako tana hutawa a ƙasan kwari. Na karanta ta a tsaye a gidan waya, sai da mai gidan wayar ya ba ni kujera. Ke da kike buga takardun hukuma, ba ki iya rubuta magana ɗaya ta fito daidai tun farko ba? "Kana da mako biyu." Wane mahaluƙi ne zai karanta wannan ya ce ciwon ƙarya kike shirin yi? Na ɗauka ranar goma za ki miƙe a ofis ki tona ni, ɗana ya ji daga bakin Caduff. Na ce gara ya ji daga nawa.

Ran Lahadi biyar ga wata, bayan an taso coci, na bari yara suka fita wasa. Muna kan tebur na ce, "Duri, ba saniya ba ce."

Ya ce, "Na sani, Baba. Wace saniya ce ke ɓatar da amalanke? Na ɗauka faɗuwa ka yi kana jin kunya."

Sai na ba su labarin duka. Da na zo kan ƙanƙarar ta kama ni, Onna ta riƙe mini hannu. Da na zo kan sandunan, ta sake shi.

Duri ya ce, "Ka tono su."

Na ce, "Na tono."

"Ka sake kafawa."

"Don kada ku tayar da hankali."

Ya ce, "Da haƙarƙari a karye ka ɗauki shebur ka je ka gyara wa tudu ƙaryarsa. Baba, ranar nan da yamma ai Ladina ce ta kawo maka ruwan zafi ka gasa ƙirji. Ka kalli idonta?"

Na ce zan yi katanga. Na ce sau ɗaya ne a shekara ɗari. Na faɗi duk abin da na rubuta miki, kuma a bakina ya fi muni fiye da a takarda. Onna ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, da sai yaushe za ka gaya mana?" Ta tashi ta kwashe kwanuka, har da nawa da ban gama ba.

Kwana takwas ke nan, hanya a rufe, mu biyar a ɗaki biyu, babu inda wani zai je ya huce. Duri yana gaishe ni da safe kamar yadda ake gaida baƙon da ya kwana. Da ya zage ni da ya fi mini.

Yanzu kuma kin ce da na yi shiru da ba abin da zai faru. Na yanka wuyana da bakina a banza. Ban san wanda na fi jin haushi ba, ke, ko motar wasiƙa, ko ni.

Placi

*

Chur, 16 ga Fabrairu, 1978

Baffa,

Na gode Allah kuna lafiya. Na yi kuka da na ga rubutunka a bayan ambulan, kafin ma in buɗe in ga faɗan da ke ciki.

Na rubuta magana a karkace, na yarda, ka yafe mini wannan. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na so wasiƙa ta biyu ta riga ta farko ba. Da ta riga, da yanzu kana nan kana auna kaurin katanga. Ba a banza ka faɗa ba.

Caduff ya ɗaga ranar zuwa ƙarshen wata saboda rufe hanya. Ban ce masa komai ba. Duri ya sani yanzu, amma Duri ba shi kaɗai ne zai taɓa son gini a Foppa ba. Bayan ranka filin zai shiga hannun wani, shi ma da nasa yaran. Fom yana wurinka, in bai tafi da wani cukun ba.

Ka ba Duri lokaci. Ka ci abinci.

Tresa

*

Runcalina, 5 ga Maris, 1978

'Yata Tresa,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi, na je likitan ma, don ki huta. Ya ce biyu suka tsage, sun haɗe da kansu. Na ce ai na gaya wa 'yata.

Kin riga kin ga takardar a teburinki, na sani, amma ba ki san yadda aka cika ta ba. Ran ashirin ga watan jiya Duri ya sallamo turke ya ce, "Ɗauko shebur." Muka tafi Foppa da Caduff. Sai da Caduff ya duba tudun ya ce ƙanƙarar ta zauna sannan muka shiga, ɗaya bayan ɗaya. Suka haƙa rami. Ƙanƙarar da ta zaftaro daban take da wadda ta sauka daga sama, tauri gare ta kamar siminti, ga rassa da tsakuwa a ciki. Suka yi ta bin ta da rami har inda ta ƙare. Ni na ce miki 'yan taku ta wuce sandunan. Taku goma sha tara ne. Ta ratsa gidan gaba ɗaya ta fita ta ƙofar gaba. A ɗakin yara tsayinta ya wuce kan Duri, yana tsaye a cikin ramin ban ga hularsa ba.

Caduff mutumin kirki ne, bai tambaye ni yadda aka yi sanduna suka tsira a tsaye ba. Ni na gaya masa. Ya ce babu wurin rubuta wannan a fom. Na ce ya rubuta a baya. Wurin sunan wanda ta kama, da hannuna na sa: Placi Venzin, manomi, shekara sittin da takwas.

Foppa ya zama ja. Shugaban gari ya zo ya ce za su duba ko akwai wani fili, ni da shi duk mun san babu. Toni masassaƙi ya riga ya kai labarin har ƙasan kwari. Wasu suna cewa na yi jarumta, wasu suna cewa na tsufa. A coci an matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata.

Kin yi gaskiya. Na rubuta sau ɗaya, kada ki nemi na biyu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duri ya sami aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, ba Zurich ba, nan wurinku. Bayan Ista za su tashi. Makaranta za ta kai ƙarshen zango da yara bakwai, daga nan sai abin da hukuma ta ce. Jiya Ladina ta tambaye ni ko a birni ana barin mutum ya zo da maraƙi. Na ce ta tambayi gwaggonta Tresa, ita ta san dokoki.

Duri ba zai roƙe ki ba, girman kai gare shi, ban san inda ya gado shi ba. Ni nake roƙo. Ki nema musu gida, ɗaki uku, mai samun ranar safe, Onna tana son haka. Ki je da kanki ki duba bayan gidan, kada ki yarda da bakin mai haya. Kuma in da hali ya kasance kusa da tasha, ƙafafuna ba sa son titin birni, kada in sauka daga jirgi in yi ta yawo da cuku a hannu.

Wato in sun ce in zo. Har yanzu ba su ce ba.

Baffanki,
Placi